Daga ina kalmar "shayi" ta samo asali?

Malam Habu, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harshe. Abin da muke kira shayi, Larabawa suna ce masa "shay", Turkawa da Rashawa da Indiyawa da masu jin Suwahili kuma suna cewa "cay". Shin wa ya ara daga wurin wa, kuma me ya sa Turawan Ingila da na Faransa suka fita daban?

Malama Binta, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Tushen duka ƙasar Sin ne, inda harafi ɗaya ake rubuta sunan ganyen da shi, amma lafazi ya bambanta: yawancin Sinawa suna cewa "ca", mutanen gaɓar tekun Fujiyan kuwa "te" suke cewa. Fatake ne suka bi da "ca" ta tudu har Farisa, inda ta zama "cay", kuma da yake daidaitaccen Larabci ba shi da sautin "c", sai Larabawa suka mayar da ita "shay". Mu kuma muka ɗora mata wasali a ƙarshe, kamar yadda muka yi wa "littafi" da "lokaci". Kada dai a haɗa ta da shayi na kaciya, wannan kalma ce dabam.

Alhaji Sani, Kano:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Ƙarin da zan yi shi ne, 'yan kasuwar Holan ne suka kai ganyen Turai a wajen 1610, kuma da masu cewa "te" suka yi ciniki, shi ya sa Faransawa suke cewa "te", Ingilishi kuma "ti". Sai dai masu cewa duk wanda ya samu ganyen ta teku "te" yake kiransa sun yi gaggawar yanke hukunci, domin Turawan Fotugal ma ta jirgin ruwa suka je, amma da suka zauna a Makawo, a gaɓar tekun kudancin Sin, tun 1557, "ca" suka ji, kuma har yau "sha" suke furtawa.

Malam Iliyasu, Agadas:
Allah ya ƙara basira. A nan wajenmu, shayin da Buzaye suke dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, a sha shi zubi uku, "atay" suke kiransa, kamar mutanen Maroko. Masana da dama suna ganin "te" ɗin Turawa ce ta shigo ta tashoshin jiragen ruwan Maroko, aka sa mata "a" a farko irin na sunayen harsunan Barbar na Arewacin Afirka.