Mariƙin buroshina ya tsage, akwai gyara?

Mai Fenti Gusau:
Assalamu alaikum ogannina. Ina da buroshi inci 4 da maigidana ya bar mini lokacin da ya yaye ni a Tudun Wada. Gashinsa lafiya lau, har yau da shi nake yanke layin silin. Amma fentin mariƙin ya ɓare, katakon ya tsage, ƙarfen da ya riƙe gashin kuma yana girgiɗi. Sababbin da na saya zubar da gashi suke yi a bango. Don Allah ku taimaka, ba na son rabuwa da shi.

Kafinta Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam ƙanena. A bokitin ruwa kake kwanar da shi, ko? Can ciwon yake. Katako in ya sha ruwa sai ya kumbura ya buɗa ƙarfen, hunturu ya zo ya tsotse shi, sai rata ta fito.

Zare ƙananan ƙusoshin da filaya, ka cire mariƙin, ka bar shi a inuwa ya bushe sarai. Kar ka shanya a rana, tsagar za ta ƙaru. Ka goge da sanfefa har farin katako ya bayyana. Sai ka kwaɓa gam mai tub biyu, irin Araldite, ka ɗura a tsagar, ka ɗaure tamau da robar tayar keke, ya kwana. Farin gam ɗinmu na kafintoci ban ba ka shawara ba, ruwa na sassauta shi. Da safe ka shafa gam a bakin mariƙin, ka mayar cikin ƙarfen, ka buga ƙusoshin a sabon wuri.

Mai Rubutun Allo Mafara:
Baba kafinta ya gama magana. Ƙarina ɗaya: ka yi masa banish shafi biyu, har bakin ƙarfen, don nan ruwa ke shiga. Wasu na shafa man gyaɗa, ba ya bushewa, sai santsi da ƙura.

Mai Fenti Gusau:
Allah ya saka da alheri. To in aiki bai ƙare ba, ina zan kwanar da shi?

Kafinta Ƙauran Namoda:
Ɗaura masa waya ka rataya a sanda bisa bakin bokiti, gashin kaɗai ya taɓa ruwa. In fentin mai ne, kananzir za ka sa.