Wai mai kyakkyawan zato ba ya hawan jini?

Alhaji Babba: Ni dai ina nan kan bakata. Hawan jini ciwon masu sa abu a rai ne. Ku dubi masu dako a Kasuwar Barci, buhu a ka, ana ta raha. Wa kuka taɓa ji yana shan ƙwayar hawan jini?

Anti Nas: Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Ba su auna ba ne kawai. Shekaranjiya na ɗaura wa wani dattijo abin awo a dantse, yana ba ni labari yana ƙyaƙyata dariya, na'ura ta nuna 180 bisa 110, wato jini ya hau sosai. Ciwon nan ba ya sallama. Akwai gishiri, dunƙulen miya, ƙiba, ga gado.

Malam: Amma maganar Alhaji ba ta faɗi ƙasa banza ba. A 2019 masu bincike a Boston ta Amurka sun gano cewa waɗanda suka fi kyautata zato sun fi tsawon rai da kashi 11 zuwa 15 cikin 100. Ita damuwa kuwa tana sa jiki ya riƙa sakin sinadaran kotisol da adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau.

Anti Nas: Na ji, Malam, amma ta wace hanya? Mai sa ran warkewa shi ke shan magani a kan lokaci, ya dawo asibiti ranar da aka ce masa. Akwai kuma mai "ba komai", wanda da ya ji sauƙi sai ya tura maganin ƙarƙashin katifa. Shi ma cewa yake zatonsa kyakkyawa ne.

Auta: To masu gaggawa fa? Yayana ko a gadar Kawo hannunsa na kan hon.

Malam: Likitocin zuciya biyu, Friedman da Rosenman, sun ɗora wa irin wannan hali laifin jawo ciwon zuciya a 1959. Daga baya aka ga fushi da riƙo sun fi gaggawa illa. Sannan akwai yara kimanin 1,500 da masanin halayyar ɗan Adam Lewis Terman ya fara bibiya a Kalifoniya a 1921: masu tsari da kiyayewa ne suka fi daɗewa a duniya, masu yawan fara'ar kuwa a'a.

Alhaji Babba: Su waɗannan ina suka san tawakkali?

Anti Nas: Alhaji, yaushe rabonka da awo?

Alhaji Babba: Ana kiran la'asar, sai na dawo.