"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": da mai kaya take ko da mai gyara?

Malamar Ingilishi, Tawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku taya ni warware wata karin magana da ta tsaya mini a rai tun ranar Talata. Ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji nan Tawa, ajin siziyem da sankiyem, wato shekarar farko da ta biyu, yaran da yanzu suka fara haɗuwa da harshen, tunda a makarantun gwamnati sai an shiga kwaleji ake soma shi.

Ranar nan na mayar musu da takardun jarrabawar aji. Akwai wata yarinya mai ƙwazo, kullum hannunta na sama, ta sami 6 bisa 20. Na cika mata takarda da jan bik, duk inda ta karkace na soke na rubuta daidai a sama, har na yi dare a kan tata kaɗai. Ta dubi lambar, ba ta ko karanta gyaran ba, ta ninke takardar gida huɗu ta cusa ƙasan jaka. Da na ga idonta ya kawo ruwa na ce, "Haba ɗiyata, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba." Ta ce, "To, Madam." Tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba.

Shin na faɗi maganar a muhallinta? Da wa ma take, mai kaya ko mai cewa a gyara?

Tsohon mushe

Wa alaikumus salam, Malama, daga tsohon mushe, wato malamin makaranta. A muhallinta kinka faɗe ta. Da mai kaya take: kada wanda anka yi ma gyara shi ɗauka ana son a ƙwace mai wani abu ko a ƙasƙanta shi. Icce tun shina ɗanye aka tanƙwasa shi. Zamaninmu kuskure biyar cikin dikte, wato shiftar Faransanci, sifili ne, babu roƙo, kuma da haka munka iya Faransanci. Ki bar ta, za ta huce.

Mai albasa daga Galmi

Baba, da girmanka, ni dai ba haka na ganta ba. Ban yi nisa a lakwal ba, amma kaya na sani. Ranar Lahadi ku tsaya bakin kasuwar Tawa ku ga mace ta ɗauko tire bisa gammo, ko yaro ya koro jaki buhun hagu ya rinjayi na dama. Wanda ke bayansu shi ke ganin karkatar, shi mai kayan ba ya gani. Me yake yi? Baki kawai yake sa wa: "Inna, kayanki sun karkace ta dama." Ba ya kai hannu. Ita ce za ta ɗaga hannu ta daidaita, ta ci gaba da tafiyarta. Da ya kai hannu ya sauke tiren ya sake jera mata kayan a tsakiyar hanya jama'a na kallo, ai ya wuce gyara kayanka, ko da bai ɗauki ƙwaya ɗaya ba.

Malama, kada ki ji haushina. Ke kika sauke mata kayan, kika jera da kanki, kika mayar mata a kai. Me ya rage mata ta gyara?

Malamar Ingilishi, Tawa

Ban ji haushi ba, Alhaji. Maganar ta shige ni. Ci gaba nake saurare.

Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai

Ina sashen Ingilishi, kuma ina koyar da yaran unguwa da yamma. Abin da zan ƙara kan maganar Alhaji shi ne, ba kowace karkata ce iri ɗaya ba, kuma jan bik yakan mayar da su duka abu guda.

Akwai santsin hannu. Yaro ya san ana ƙara s a ƙarshen aikatau idan mutum ɗaya ake magana a kai, gaggawa ce ta sa ya manta. Wannan ki ja layi kawai, da kansa zai gano. Akwai kuma wanda wani harshe ya janyo. Yaranmu ta Faransanci suke biyowa kafin su iso Ingilishi, shi ya sa kusan kowa sai ya rubuta "I have fifteen years", saboda haka ake faɗin shekaru a Faransanci. Nan Yamai ina ganin wani abin: yaran da Zabarmanci ne harshen gidansu sukan haɗa na mace da na namiji, don harshensu bai raba su ba, Bahaushe kuwa da ya saba da shi da ita bai cika yin wannan ba, sai dai ya ɗauki mota ya mayar da ita mace. Irin wannan ba a cewa yaro bai yi karatu ba. Sai an nuna masa daga inda abin ya biyo shi.

Na uku shi ne wanda na fi so. Idan yaro ya rubuta "goed" maimakon "went", ni murna nake yi, domin ba a littafi ya gani ba, kuma babu wanda ya faɗa masa. Ya kama ƙa'idar abin da ya wuce ne da kansa, ya kai ta inda ba ta zuwa. Kan yaron na aiki ke nan. In aka soke masa da ja kamar wanda bai rubuta komai ba, gobe ba zai ƙara gwada ƙa'ida ba, haddar jimla zai koma.

Tsohon mushe

Ɗana, na ji karatunka. Amma shekara huɗu ce tsakanin siziyem da BEPC, jarrabawar gama kwaleji, kuma mai gyaran takarda ranar nan bai san murna da "goed" ba. In kun bar kuskure ya kwana ya tashi, shi zama ɗan gida.

Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai

Gaskiya ne, Baba, ban ce a bar shi ba. Cewa na yi a zaɓi wanda za a fara kamawa. Mai kaya ba ya iya gyara gefe huɗu lokaci guda yana tafiya.

Maman 'yan biyu, Bilbis

Ni uwa ce, ba malama ba. Akwai abin da duk ba ku taɓo ba, wato wurin da ake faɗin maganar da kuma lokacinta. Ba a ce wa mutum gyara kayanka yana tsakiyar tsallake kwata. Ɗana ya taɓa tashi karatu a kilas, harafin p ya fito masa f, kamar yadda yake yi wa Hausawa da yawa tunda harshenmu bai bambanta su ba, mu nan Adar ma f ɗin kanta h muke mayar da ita. Aka katse shi tsakiyar jimla, aka sa shi maimaita kalmar sau uku yara na dariya. Sunan da suka laƙaba masa ranar ya bi shi har ƙarshen shekara. Da an bari ya kai aya, sannan a sa ajin duka su riƙe 'yar takarda a gaban baki su ga yadda p ke busa ta, da shi ma ya koya, sauran ma sun koya.

Kuma Malama, ɗiya mace a wannan shekarun kunya ta fi bulala ciwo gare ta. Kin faɗa mata maganar gaban mutane ne?

Malamar Ingilishi, Tawa

Gaban ajin duka, Maman 'yan biyu. Sun haura sittin.

Tsohon mushe

Wannan ta tuna mini da abin da ban so tunawa. Lokacin da muke firamare akwai sanbol, abin da aka rataya ma duk yaron da anka kama shina magana da Hausa cikin lakwal, shi kuma sai shi yi farautar wani da za shi miƙa ma. Wanda sanbol ta kwana hannunsa shi ka shan hukunci. Akwai abokina da munka zauna benci ɗaya, ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Don tsoron kada Hausa ta kuɓuce mai, ko shi yi kuskuren Faransanci a yi dariya, sai ya daina magana ɗungum. Bai gama firamare ba. Da na ce da haka munka iya, mu da munka saura nika ƙirgawa, ban ƙirga waɗanda sunka watse ba.

Ga shi a watan Maris na 2025 Hausar nan da anka hana mu ita anka rubuta harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Ɗiyanmu na buƙatar Ingilishin nan fiye da mu. Har yanzu ina kan bakana cewa karin maganar da mai kaya take, kuma wajibi ne yaro shi koyi karɓar gyara. Amma na yarda ba mai gyaran ya kamata shi fake da ita ba.

Mai albasa daga Galmi

To ai nan muka haɗu, Baba. Ta fi daɗi a bakin wanda aka yi wa gyaran, ko na ukun da ke sasanta su.

Malamar Ingilishi, Tawa

Na gode muku duka. Ga abin da na yi yau Juma'a. Na ɗauko jimloli shida masu kuskure daga takardun ajin, babu sunan kowa, na rubuta a allo, na ce bibbiyu su nemo inda kayan suka karkace. Biyu daga ciki nata ne, ita kaɗai ta sani. Da aka tashi na riƙe ta mu biyu, na ba ta haƙuri kan faɗin maganar gaban jama'a. Na sake kwafe mata sakin layinta na farko yadda ta rubuta shi, na ja layi da fensir ƙarƙashin wuri uku kawai, ban rubuta komai a sama ba. Ta gyara biyu nan take tana tsaye. Na ukun, na shekarun nan ne da ɗan uwanmu na Yamai ya ambata, ta daɗe tana kallonsa, ta ce ita ba ta ga laifinsa ba. Na ce ta tafi da shi gida ta kwatanta da yadda take faɗi da Faransanci da kuma Hausa, mu haɗu Litinin.

Hannu dai ba ta ɗaga ba tukuna. Amma wannan takardar ba ta ninke ta ba, cikin kayenta na rubutu ta sa ta.