Lamba 190 ta hana ni barci: wa ya taɓa fama da mutuwar tokin?

Ɗan Farin Gada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da matsala, kuma ina so duk wanda ya taɓa shan irinta ya ba mu labarin yadda ta kaya da shi.

Akwai 'yar manhajar da na rubuta wa wasu iyayen gidana masu kayan gwari a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Kullum ƙarfe shida na safe takan ɗauki farashin kwandon tumatir, buhun kabeji, karas da dankalin Turawa, ta wallafa a shafinsu na Facebook, saboda masu saye daga Abuja da Kudu su gani kafin su turo kuɗi. Wata bakwai tana aiki ban taɓa ta ba. Ranar Litinin da ta wuce Alhaji, ɗaya daga cikin iyayen gidan nawa, ya kira ni tun ban bar masallaci ba, ya ce shafi shiru, mutane sun dame shi da waya. Na buɗe kwamfuta hannuna na rawar sanyi, na ga amsar kuskure ɗaya daga Facebook: OAuthException, lamba 190.

Na shiga Graph API Explorer, shafin gwaji na Facebook don masu rubuta manhaja, na ciro sabon tokin, wato makullin da manhaja ke nunawa kafin a bar ta ta wallafa, na liƙa, ta yi aiki nan take. Washegari da asuba ta sake tsayawa. Yau kwana huɗu ke nan ina tashi ƙarfe biyar da rabi ina ciro tokin da hannu. Mutanen nan sun amince da ni, kuma cinikinsu na safe ya rataya a kan wannan abu. Me nake yi ba daidai ba?

Malamin Bauchi Road

Wa'alaikumus salam ƙanena. Matsala biyu gare ka, ka haɗa su ka ɗauka ɗaya ce. Akwai abin da ya kashe tsohon tokinka na wata bakwai, akwai kuma abin da ke kashe waɗanda kake cirowa yanzu.

Na biyun mai sauƙi ne. Tokin da Explorer ke bayarwa gajeren rai gare shi, awa ɗaya zuwa biyu ya ƙare, kuma tokin shafin da ka ciro daga gare shi gadon wannan gajeren ran yake yi. Hanyar ita ce ka fara musanya gajeren da dogo, wanda ke kai kimanin kwana 60. Za ka tura buƙata da fb_exchange_token, haɗe da lambar manhajarka da sirrinta, kuma daga saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, za ka yi wannan, ba daga burauza ba. Da dogon nan ne za ka kira /me/accounts. Tokin shafin da ya fito ta wannan hanya ba shi da ranar ƙarewa. In ka saka shi a Access Token Debugger, shafin Facebook na duba tokin, za ka ga an rubuta Never a gurbin ƙarewa. In ba ka ga haka ba, ka tsallake wani mataki.

Ta farkon kuwa sai ka dawo mana da ƙaramar lambar da ke ƙarƙashin 190. A cikin amsar akwai error_subcode. 190 kawai tana gaya maka tokin ba ya aiki ne, ƙaramar ce ke faɗin dalili. 463 wa'adi ne ya cika. 460 mai asusun ya canza kalmar sirri, ko an rufe zamansa don tsaro. 458 ya cire manhajar daga asusunsa. 459 an tsare asusun sai ya shiga da kansa ya tabbatar shi ne.

Ni ma a shekarata ta farko a wannan sana'a na ɓata mako guda a kan shafin wata makarantar Islamiyya, saboda kod ɗina kalmar “an samu kuskure” kawai yake ajiyewa, yana zubar da ainihin amsar. Tun daga ranar na koma ajiye amsar dukanta a fayil, da lokacin da ta zo.

Maman Biyu, Rikkos

Ɗan Farin Gada, kafin komai ka tambayi kanka: asusun wa aka yi amfani da shi ranar da aka fara ciro tokin? Tawa haka ta kasance. Ina kula da shafin wani shagon atamfa da leshi a wajen Terminus. Yaron shagon ne ya zauna kusa da ni ranar haɗawa, da wayarsa muka shiga, domin Hajiya ta yi tafiya. Bayan wata uku yaron ya bar aiki, Hajiya ta cire shi daga masu gudanar da shafi, kuma daidai ta yi. Komai ya tsaya. Ni kuwa na manta sam cewa a wuyansa muka rataya aikin.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne tokin da aka ce ba ya ƙarewa, agogo ne kawai ba ya kashe shi. Amma a jikin mutum yake. Mutumin ya canza kalmar sirri, ya bar shafin, ko aka tsare asusunsa, to shi ke nan.

Yanzu duk wanda zan yi wa aiki, sharaɗina na farko shi ne a buɗe asusun kasuwanci na Meta, kamfanin da ke da Facebook, da sunan shagon, a ƙirƙiri abin da suke kira System User, wato ma'aikacin da ba mutum ba, a ba shi shafin da manhajar, sannan a ciro tokin daga gare shi. Wannan ba ya yin aure ya ƙaura, ba a sace masa waya a keke. Hajiya ta ga kamar ina ja mata rai ne da yawan matakai, amma shekara ta zagayo ba ta sake kirana a kan wannan ba.

Ɗan Farin Gada

Malam, Allah ya saka da alheri, na duba tsohuwar amsar ranar Litinin. 460 ce. Anti Maman Biyu, kin taɓa inda ke ciwo. Asusun sakataren ƙungiyar iyayen gidan nawa ne muka yi amfani da shi. Yanzu na kira shi, ya ce ranar Lahadi wayarsa ta faɗi a kasuwa, ɗansa ya taya shi canza duk kalmomin sirrinsa da daddare. Bai san akwai abin da ya haɗa wannan da farashin tumatir ba, kuma ni ne ban taɓa gaya masa ba.

Injiniya na Bukuru

Tunda ana tara gogewa ne, ga tawa, ko da yake a X ce, wato tsohuwar Twitter. Sau biyu ta kama ni, kuma dalilan ba su yi kama da juna ba.

Ta farko: karantawa tana yi lafiya, amma da na ce a wallafa sai lambar kuskure 403. Na shiga saitin manhaja na mayar da izini daga karatu kaɗai zuwa karatu da rubutu, na gwada, 403 dai. Kwana biyu ina zargin kod ɗina. Ashe tokin da aka ciro lokacin da izinin karatu ne kaɗai, da wannan izinin yake zama har ya mutu. Dole bayan ka canza izini ka sake haifar da sabon tokin da sirrinsa. A nan ne na riƙe bambancin 401 da 403 da kyau. 401 mai gadi ne ke cewa bai san ka ba. 403 ya san ka sarai, amma ɗakin da kake son shiga ba a ba ka shi ba. In 403 ce, ciro sabon tokin da tsohon izini sau ɗari ba zai buɗe ƙofar ba.

Ta biyun ita ce ta fi ba ni mamaki, kuma ina jin mu nan ta fi shafa. Wata tsohuwar kwamfutar tebur nake amfani da ita a shago a matsayin saba. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai X ya ƙi ni, wani lokaci da lamba 135, cewa lokacin buƙatata ya fita daga iyaka. Tsarin ba manhaja izini na OAuth 1.0a yana sa hannu a kan kowace buƙata haɗe da lokacin da aka aike ta, in agogonka ya yi nisa da nasu sai a ƙi karɓa. Na buɗe cikin kwamfutar, na ga ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogo ya mutu. Da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Na sayo sabo a wajen masu gyaran agogo, na kunna daidaita lokaci ta intanet, magana ta ƙare.

Wani yaro da nake koyarwa shi kuma yankin lokaci ne ya bari a kan GMT, sannan ya gyara agogon da hannu don ya yi daidai da na bangon shago. A ido daidai yake, amma a lissafin na'ura ya yi gaba da awa guda cur, tunda Najeriya tana gaban GMT da awa ɗaya. Ku riƙa zaɓar Legas a yankin lokaci, ku bar na'ura ta saita kanta.

Abu Gangare

Injiniya, ƙari a kan X ɗin. A sabon tsarin OAuth 2.0 tokin awa biyu yake yi, kuma in ba ka nemi izinin offline.access ba tun farko, ba za a ba ka tokin sabuntawa ba sam, wato wanda ake karɓo sabon tokin da shi in na hannu ya ƙare. In an ba ka, sau ɗaya ake amfani da shi. Kana sabuntawa za a miƙo maka wani, tsohon ya zama fanko. Ni na bar manhaja tana gudana a saba, kuma ina gwaji a laftof ɗina da tokin sabuntawa iri ɗaya. Duk wanda ya riga sabuntawa sai ya kashe wa ɗayan. Yanzu wuri ɗaya tak ke sabuntawa, kuma yana rubuta sabon a ma'ajiya kafin ya yi wani abu. Wannan na ƙarshen ya zama dole a wajenmu, domin in wuta ta ɗauke tsakanin karɓa da ajiyewa, sai ka koma ka shiga da hannu daga farko.

'Yar Angwan Rogo

Tawa a azumi ta faru, kuma har yau in na tuna raina yakan sosu. Na ɗauki nauyin ɗora karatun tafsirin masallacin unguwarmu a YouTube, saboda mata da tsofaffin da ba sa iya fita, da 'yan'uwanmu da ke karatu a waje. Na tsara shi ya riƙa hawa da kansa bayan tarawihi. Kwana bakwai lafiya. Dare na takwas sai saƙon kuskure na invalid_grant ya fito. Na sake shiga da asusun, ya ci gaba, bayan kwana bakwai ya sake yankewa, daidai lokacin da aka shiga tsakiyar wata. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikarta har gida ta tambaya ko Malam ne ba shi da lafiya.

Dalilin yana rubuce a takardun Google, kamfanin da ke da YouTube, ni ce ban karanta ba. Muddin manhajarka tana matsayin gwaji a allon neman izini, tokin sabuntawa kwana bakwai kawai yake yi. Sai ka mayar da ita matsayin aiki na dindindin, kuma izini mai nauyi irin na ɗora bidiyo yakan buƙaci su tantance manhajar. Saboda haka wanda zai yi irin wannan aikin don azumi ya fara tun Rajab, kada ya bari sai an ga wata.

Wani abin kuma: Google ba ya ba da tokin sabuntawa sai an nemi access_type=offline, kuma yawanci a karon farko da mutum ya amince kaɗai yake bayarwa. In ka yar da shi, sai ka ƙara prompt=consent kafin a sake ba ka.

Abu Gangare

Mai WhatsApp Cloud API ma ya kula, tokin gwajin da ke shafin farko ba ya wuce awa 24. Maganinsa shi ne dai wanda Anti Maman Biyu ta faɗa. Masu tsohon kod na Instagram Basic Display kuma, an rufe shi tun 4 ga Disamba 2024, babu tokin da zai tashe shi. Sai a mayar da asusun na kasuwanci ko na mai ƙirƙira, a bi sabuwar hanya.

Malamin Bauchi Road

Roƙo ɗaya nake da shi, kuma da gaske nake. Jiya wani ɗalibina ya turo mini hoton allonsa yana neman taimako, ga tokin shafin mai gidansa ɓaro-ɓaro a ciki, kuma ya riga ya tura hoton wa mutum kusan arba'in. Wanda ya riƙe wannan tokin zai iya wallafa duk abin da ya ga dama da sunan shafin. Mu da ke Jos mun san abin da rubutu ɗaya na ƙarya zai iya haifarwa a gari kafin la'asar. Na sa shi ya cire manhajar daga asusun nan take don tokin ya mutu, ya canza sirrin manhajar, sannan muka zauna duba matsalar. Ita kanta matsalar ba komai ba ce: ya kwafo tokin daga saƙon waya, wani gurbi da sabon layi suka biyo shi a ƙarshe, shi ya sa aka ce ba a iya karanta shi.

In za ku turo kuskure, ku turo lambar, da ƙaramar lambar, da saƙon. Ku goge tokin, kuma kada ya shiga GitHub, shafin ajiye kod, ko da ma'ajiyar a rufe take.

Ɗan Farin Gada

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na je rumfar Alhaji, muka zauna a kan buhunan kabeji da sakatare, na yi musu bayani da Hausa tsantsa cewa makullin shafin a aljihun mutum ɗaya yake, gara a mayar da shi na ƙungiya. Alhaji ya yarda. Mun buɗe asusun kasuwancin, amma ba mu gama haɗa System User ɗin ba saboda sabis ya yi ta yankewa. Kafin nan na bi matakan Malam da asusun sakatare, Debugger ya nuna Never. Na kuma ƙara wani ɗan kod da ke duba tokin ƙarfe tara na dare, in ya mutu ya turo mini saƙo, don in sani kafin Alhaji ya sani.

Yau da safe farashi ya hau ƙarfe shida daidai ina kwance. Anti Maman Biyu, gobe in Allah ya kai mu zan koma in ƙarasa. Wajen ba wa System User ɗin shafi, cikakken iko kika ba shi, ko ikon wallafawa kaɗai ya wadatar?