Maɓallan sitiyari sun mutu bayan na canza rediyo, wa ya taɓa shiga wannan?

Mai_Korola10:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa canza rediyon mota ya faɗa min abin da ya gani da idonsa. Corolla ce 2010, na cire rediyonta na asali na sa irin na Android ɗin nan mai allo, komai ya yi lafiya lau, sauti ya fito, bulutut ya kama, har kyamarar baya ta yi, amma maɓallan kan sitiyari kaf ɗinsu sun mutu, ƙara sauti, rage sauti, canza waƙa, ba wanda ke motsi. Wanda ya haɗa min ya ce wai dama haka suke sai dai na haƙura, ni kuma ban yarda ba don na leƙa na ga wayoyi biyu a bayan rediyon an rubuta KEY1 da KEY2 ya naɗe su da baƙin tef ya cusa ciki, sannan ga wani soket na motar yana reto ba a sa shi ko'ina ba. Hannuna ya riga ya saba, kullum sai na danna sannan na tuna.

Tsohon_Rewaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana ba haka suke ba, ƙiwa ce kawai ta mai haɗin. Wannan soket da ka ga yana reto ƙirga ramukansa, in 20 ne to shi ne, a yawancin Toyota na wannan zamanin rami na 6 shi ne at ɗin maɓallan, wato wayar negetif ɗinsu, na 7 shi ne SW1, na 8 kuma SW2, su ne layuka biyu da maɓallan ke bi. Na 7 ya tafi KEY1, na 8 ya tafi KEY2, na 6 ya tafi baƙar wayar rediyon. Amma kar ka yanke komai tukuna, ɗauko mita ka sa ta a om, wato wajen auna rizista, ka ɗora tsinke ɗaya a 6 ɗaya a 7, wani ya riƙa danna maka. In ba a danna komai ba za ka ga wajen 100k, wato om dubu ɗari, ka danna maɓallin waƙar gaba ta faɗo kusan sifili, na baya wajen 330, ƙara sauti wajen 1k, rage sauti 3k da ɗan ɗoriya. Ka gane, maɓallan nan ba wani abin mamaki a cikinsu, rizista ne aka jera kamar tsani, kowane maɓalli da nasa adadin, rediyo yana ganin adadin ne ya san wanda ka taɓa. In mita ta nuna maka haka aikinka ya ƙare, saura ka shiga saitin rediyon wajen da aka zana sitiyari ka koya masa ɗaya bayan ɗaya.

Baffan_Yara:
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari na ƙara abin da ya kusa haukata ni, maganar at ɗin nan. Ni na haɗa KEY1 da KEY2 daidai, wayar at kuwa na ga ai ƙarfe ƙarfe ne sai na ɗaure ta a wani noti can ƙarƙashin dashbod wanda ma akwai fenti a jikinsa, na koya wa rediyo maɓallan da rana suka yi tsaf na rufe komai ina ta murna. Da daddare ina kunna fitila sai abu ya rikice, in na danna rage sauti waƙa ce ke tsallakewa, in na danna canza waƙa shiru, na kashe fitila sai su dawo hayyacinsu. Kwana uku ina zargin aljanu wallahi. Ashe bambancin da rediyon ke karantawa tsakanin maɓalli da maɓalli ɗan ƙanƙani ne, to da fitilu suka fara jan wuta ta jikin mota sai at ɗin can da na rediyon suka ɗan bambanta, lissafinsa ya goce. Na kwance ta daga notin na haɗa ta kai tsaye da baƙar wayar rediyon, na liƙe da dalma ba murɗawa kawai ba, na goge koyarwar farko na sake sabuwa, har yau ban sake ji ba.

DanGolf:
Ni dai a yi hattara kar kowa ya ɗauka motarsa irin ta mai tambaya ce. Tawa Golf 5 ce, na kwana biyu ina bin wayoyi da mita ina neman om ɗin nan da ake faɗa, babu, na danna na danna allura ko gizau. Daga baya na fahimci irin waɗannan motocin maɓallan ba rizista suke turo wa rediyo ba, saƙo ne na kwamfuta ke bi ta kanbas, wayoyi biyu da aka murɗe su tare, kuma a kan layin nan rediyon asali ke sanin an kunna makulli ko an kunna fitila. Shi ya sa ma sabon rediyon nawa ya ƙi mutuwa in na zare makulli sai da na sa hannu. Ɗan akwatin kanbas na sawo wanda aka yi wa irin motar, na soka, na shiga saitin masana'anta na zaɓi sunan akwatin da samfurin motar, nan take maɓallan suka tashi ba ma wata koyarwa. In ka haɗa KEY1 da wayar kanbas da sunan gwaji to kana neman fitilu su cika maka dashbod ne.

Hajiya_Direba:
Ni ban iya wayarin ba amma na ga abu, kuma ya yi kama da naka ta wani gefen. Nawa maɓallan ba lokaci ɗaya suka mutu ba, in sitiyari na tsaye suna yi, in na karya kwana sai su ɗauke, daga nan hon ya fara wasa, rannan kawai fitilar eyabag ta kama ta ƙi mutuwa. Ni duk a zatona rediyon ne tunda ba a daɗe da canza shi ba, har na fara faɗa da mai haɗin, bawan Allah ashe ba ruwansa. Wani faifai ne a bayan sitiyari, kulok sifirin suke ce masa, da aka buɗe min na gani wata siririyar waya ce mai faɗi kamar zaren kaset an nannaɗe ta a ciki, ita ke ɗauke da hon da eyabag da maɓallan gaba ɗaya tana warwarewa tana naɗewa in kana juya sitiyari, to ta tsage ta gefe. Don haka Malam ka fara danna hon ɗinka ka duba fitilar eyabag, in duka lafiya to da wuya a ce daga can ne.

Tsohon_Rewaya:
Hajiya kin taɓo wajen da nake tsoro. Mai tambaya kai aikinka a bayan rediyo yake, ba ruwanka da buɗe sitiyari. Wanda kuwa dole sai ya buɗe, a cire kan batir na negetif a jira aƙalla daƙiƙa 90, ni nakan ba shi minti biyar ma in sha ruwa, don akwai sauran wuta da ke maƙalewa a kwamfutar eyabag. Duk soket ɗin da ka gani rawaya kar mitarka ta kusance shi, 'yar wutar da mita ke turawa don auna om ba abin wasa ba ce a wajen. In ka ciro eyabag ɗin ka ajiye shi fuskarsa na kallon sama. Kuma tayoyi su miƙe sak kafin a zare sitiyari.

Injiniya_Ba_Digiri:
Wannan na ƙarshen ni ne shaida Baba, kaina na yi wa. Motata ƙaramin samfuri ce ba ta zo da maɓalli ko ɗaya ba, na samo maɓallan babbar yayarta na ce ai ɗaurawa ne kawai. Na ɗaura, shiru. Ashe kulok sifirin ɗin ƙaramar layukansa ba su kai ba, na hon da na eyabag ne kawai a ciki, dole na nemo mai cikakkun layuka, kuma daga ƙasan sitiyarin zuwa bayan rediyo ma babu wayoyin sai da na ja guda uku da kaina. Duk wannan ba shi ne abin ba, wajen sa sabon ne na cire ɗan makullin roba da yake zuwa da shi tun kafin lokaci, yaro ya ɗauka yana juyawa yana jin daɗin ƙarar, ni kuma na karɓa na ɗaura a haka ban mayar da shi tsakiya ba. Fitowa daga gida na karya sitiyari har ƙarshe sai na ji ɗas, shi ke nan hon ya tafi eyabag ya kunna fitila. Abin juyi wajen biyar gare shi gaba ɗaya, ana juya shi a hankali har ya tsaya sannan a dawo da shi wajen biyu da rabi a daidaita alamomin, a jikinsa ma an rubuta, ni ne ban karanta ba. Na biyu da na sawo ko numfashi ban bari an yi kusa da shi ba.

Sarkin_Sauti:
Masu rediyon da ba Android ba kuma nasu daban ne. Pioneer da Sony rami gare su a baya irin na iyafis mai 3.5, Kenwood da JVC kuma waya ce shuɗiya mai ratsin rawaya, kuma ita saƙo take jira ba rizista ba, so ko motarka mai rizista ce sai ka sa adafta a tsakani ya fassara, irin su ASWC-1 na Axxess ko SWI-RC na PAC. Kuskuren da na yi shi ne cikin duhu na ɗauki shuɗiya mai ratsin fari a madadin mai ratsin rawaya, alhali ita wannan ta tayar da amfilifaya ce wuta bolt 12 take fitarwa, Allah ya taimake ni adaftan bai ƙone ba. Ku riƙa haska tocila don Allah.

Baffan_Yara:
Af na manta, in maɓalli ɗaya ne kawai ke rikici musamman wanda aka fi dannawa, wani lokacin datti ne da gumin hannu suka taru a kan tagullar ciki om ɗin ya hau, goge shi da sifirit da auduga ya isa. Wannan kam sai an buɗe sitiyari, a bi maganar Baba.

Mai_Korola10:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na yi yadda ka ce, soket ɗin 20 ne, da farko na ƙirga ramukan ta baibai mita ta ƙi cewa komai har gabana ya faɗi, sai da na haska na ga 'yan lambobin da aka rubuta a jikin robar na gane ta ina ake farawa. Ƙanena na dannawa ina kallo, sifili, 330, dubu ɗaya, dubu uku da wani abu, daidai yadda ka lissafa kamar kana wajen. Ban yanke wayar motar ba, fil na samu na soka ta bayan soket ɗin na ɗaure, at ɗin kuma kai tsaye kan baƙar wayar rediyon saboda labarin Baffa, na gwada da fitila a kunne da a kashe duk ɗaya. Hajiya hon lafiya lau. Abu ɗaya ya rage, maɓallin MODE ya ƙi koyuwa, a mita yana nuna sifili tsakanin 6 da 8 amma rediyon ko a jikinsa.

Tsohon_Rewaya:
To ai shi kaɗai ne a kan SW2 in motarka ba mai maɓallin waya ba ce, shi ya sa sauran suka yi shi bai yi ba. Tunda mita ta gan shi motar ta fita, duba fil ɗin da ka soka a rami na 8 ko bai taɓa ƙarfen ciki ba, in ya taɓa to bi wayar KEY2 har cikin soket ɗin rediyon, wani lokacin fil ɗinta kan ja baya ya zauna a robar kawai. Ka tura shi har ka ji ƙas, ka goge koyarwar duka ka sake daga farko.

Mai_Korola10:
Fil ɗin ne Baba, ya ja baya. Ya yi yanzu, har na mayar da shi na ɗaga kira tunda dama ban cika sauraron rediyo ba.