Muhawara: Makaranta na iya raya harshen da gida ya saki?

Baban Hanifa (Dabilin): Salamu alaikum jama'a. Na san maganar nan za ta sosa wa wasu rai, amma sai na faɗa. Jiya da daddare kusan awa guda muka yi da Hanifa a kan aikin gida na harshen Ayirish, wato harshen asali na ƙasar nan Ayilan, ni ban iya ba, ita kuma sai hawaye. Na tsallaka wurin maƙwabcina, haifaffen nan ne kaka da kakanni. Ya duba littafin ya kwashe da dariya, ya ce daga firamare har ya gama sakandare yana karatun harshen, amma jimla ɗaya ta rage masa a ka: "An bhfuil cead agam dul go dtí an leithreas?" Wato neman izinin zagayawa bayan gida. Tun bayan kafa ƙasar a 1922 ake ɗura wa yara shi. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 suka ce sun iya, amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su cika 72,000 ba. Harshen nan ya mutu, jana'iza ce kawai ba a yi ba.

Maman Sadik (Golwe): Wa alaikumus salam. Haba Baban Hanifa, daga maƙwabci ɗaya har ka yanke hukunci? Dabilin ba ita ce Ayilan ba. Ka shigo yamma, yankin Konamara, ka ji yadda ake ciniki da shi a shago. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi. Akwai wata tsohuwa da ciwon mantuwa ya kama, Turancin duk ya zube mata, sai harshen da aka yi mata reno da shi. Ranar farko tana ta cewa "uisce, uisce", ni ina tsaye kamar gunki, ashe ruwa take nema. Daga nan na fara rubuta kalmomi a bayan hannuna da biro. Yanzu in na miƙa mata shayi ta ce "go raibh maith agat", na san godiya take yi. Wannan ce gawar taka?

Baban Hanifa: Ai kin kawo mini hujja da kanki, Hajiya. Tsohuwa kika ce. Jikokinta fa?

Maman Sadik: Biyu suna yi, ɗaya ba ya yi. Ban ce babu matsala ba.

Malam Habu (Gilasgo): Ku bari in shigo da namu na Sikotlan, don Gelik, harshen asali na nan, ɗan uwan Ayirish ne na jini. A takarda abin gwanin sha'awa. An yi masa doka a 2005, an buɗe tashar talabijin ta BBC Alba a 2008, ga makarantun da ake koyar da komai cikinsa tun 1985, manhajar koyon harsuna ta Duolingo ma ta saka shi a 2019 mutane suka yi ca. Masu iya magana da shi sun tashi daga wajen 58,000 a 2011 zuwa kusan 70,000 a 2022. To amma ku dubi tsibiran yamma, inda nan ne cibiyarsa. A tsakanin waɗannan shekarun masu jinsa sun sauka daga kashi 52 cikin ɗari zuwa 45. Wato ɗalibai na ƙaruwa a birni, ƙauyen da ake tsegumi da faɗa da zawarci cikin harshen yana ƙarewa. Matashi ba aiki, gidan da zai saya masu kuɗi daga waje sun mayar da shi wurin hutu, dole ya tattara ya yi birni. Manhaja ba ta maganin wannan. Don haka ina bayan Baban Hanifa rabi da rabi: ban yarda ya mutu ba, amma kuɗin ba inda ciwon yake ake kai su ba.

Anti Binta (Libaful): Duk wanda ya ce makaranta ba ta iya komai ya je tsibirin Man, ga shi nan kusa da mu, jirgin ruwa ake shiga. Mutum na ƙarshe da ya tashi da Manks, harshen tsibirin, tun yarinta, Ned Maddrell, ya rasu a 1974. Sa'ar da aka yi, a 1948 masana daga Ayilan sun je sun naɗi muryarsa da ta sauran tsofaffin. Da waɗannan faya-fayan da 'yan tsirarun da suka zauna gaban tsofaffin suka koya aka sake ɗaura zare. A 2001 aka buɗe firamare da ake koyarwa da Manks zalla. Da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka harshen cikin matattu a 2009, yaran makarantar suka rubuta mata wasiƙa da harshen, dole ta gyara. Yau masu jinsa sun haura 2,000.

Baban Hanifa: Anti, 2,000 ɗin nan da wane harshe suke mafarki? Kowannensu Turanci ya fara sha a nono. Wannan ado ne, kamar kayan sallah, a saka a cire.

Anti Binta: Daga babu zuwa 2,000 kake rainawa? Da babu gara ba daɗi. Kuma wasu cikinsu yanzu da shi suke yi wa 'ya'yansu magana a gida.

Maman Sadik: Kuma kana magana kamar haka kawai mutanen Ayilan suka wayi gari suka yar da harshensu. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wani miliyan ya yi ƙaura, kuma talakawan yamma masu jin Ayirish su suka fi shan ta. Bayan nan uwa ta ga ɗanta Amurka ko Ingila zai je neman abinci, me zai yi da Ayirish? Har sanda ake rataya wa yaro a wuya, duk sanda ya yi harshen a yi tsaga a jikin sandar, a ƙirga a hukunta shi, sau da yawa da yardar iyaye. Abin da aka ɓata da irin wannan ba a gyara shi da darasi ɗaya a rana. Inda ake dacewa shi ne makarantun Gaelscoil, da lissafi da wasa duk cikin Ayirish ake yi. A Belfas ma, can Arewacin Ayilan, a 1969 wasu 'yan iyalai suka gina gidajensu a jere a Shaw's Road don 'ya'yansu su tashi da shi, daga baya suka buɗe makarantarsu ba tare da tallafin gwamnati ba.

Malam Habu: To kin gani, gida suka fara ginawa kafin aji. Maganata kenan.

Ɗan Bauchi (Kok): Ina karantawa tun ɗazu ban tanka ba. Mu Gerawa ne. Kakata da Geranci take yi mana faɗa, mahaifina yana ji amma da Hausa yake amsawa, ni kuwa gaisuwa kawai na tsira da ita. Babu wanda ya rataya mana sanda, kasuwa da makaranta da auratayya suka cinye shi. Da a ce an tilasta mini darasin da Hanifa ke kuka a kansa, ko jimlar bayan gidan ce da yanzu ina da ita. Kakar ta rasu, ko muryarta ba mu naɗa ba.

Baban Hanifa: Allah ya jiƙanta da rahama. Amma ina nan kan bakata, tilas ba ta sa so.

Anti Binta: Tsaya tukuna. Ita Hanifar, in ka yi mata Hausa da me take amsa maka?

Baban Hanifa: Anti, wannan kuma wata maganar ce daban.

Maman Sadik: Hhh. Ɗauki hoton shafin ka turo mini, Sadik na dawowa daga ƙwallo ƙarfe biyar, zai kira ta su yi tare.