Ɗan Beljiyam ko wanda aka hau a gida? Gardamar da wani Ninja 250 ya tayar a zauren mahaya

Sadik: Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Shawara nake nema kafin Asabar. Shekara huɗu ina kan Boxer, yanzu na tara 'yan kuɗi zan ɗan matsa gaba, amma ba na son babban inji tukuna. Babura biyu ne a gabana. Na farko Kawasaki Ninja 250R na 2010, ɗan Beljiyam, kore shar, bai taɓa taka titin Najeriya ba, mitarsa na nuna 6,200. Na biyu Honda CBR250R na 2013, wani ma'aikacin banki a Kaduna ya shekara biyar yana hawa, ya ci kilomita 31,000, kuma akwai ƙujewa a robar gefen hagu. Ninja ya ɗara shi da dubu ɗari uku da hamsin. Dillalin ya ce kada in ɓata lokacina, wai duk lalacewar ɗan Beljiyam ya fi wanda aka hau a gida. Haka abin yake?

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Dillalin nan gaskiya ya faɗa maka, ɗana. Shekarata ashirin ina harkar motocin Kwatano, ban taɓa ganin wanda ya ɗauki ɗan Beljiyam ya yi da-na-sani irin ta wanda ya sayi na hannun ɗan Najeriya ba. Mu fa ba ma sayar da abin hawa sai mun ga alamar zai kwanta. Ɗauki koren.

Nura Zariya: Sadik, wannan 6,200 ɗin, kilomita ne ko mil? Dubi fuskar mitar da kyau.

Sadik: Manyan lambobin an rubuta mph a ƙarƙashinsu.

Nura Zariya: To mil ne. Wajen kilomita dubu goma ke nan, ba dubu shida ba. Har yanzu kaɗan ne, amma dai ka san abin da kake lissafawa. Kuma wannan ya nuna maka babur ɗin bai taɓa ganin Beljiyam ba, da alama daga Amurka ya fito. Suna ne kawai muka saba da shi.

Malam Habu Bakanike: Alhaji, ranka ya daɗe, a mota ba na ja da kai. A wannan kuwa zan ja. Motar da ake kawowa, sau da yawa wata tsohuwa ce ta hau ta zuwa coci da kasuwa har ta gaji. Ninja 250 a can wa ke sayensa? Yaron da ya karɓi lasisi jiya. A kansa ake koyon kuloci, a kansa ake faɗuwar farko a bakin gareji, a kansa ake ta biyu a kwana. Idan ta ukun ta yi tsanani, kamfanin inshora ya biya mai shi, ya tura babur ɗin gwanjo. Daga irin wannan gwanjon ake cika kwantena da yawa. A Legas a sa masa sabbin robobi 'yan China, a goge, ya zo maka yana ƙyalli. Mita tana ƙirga tafiya, ba ta ƙirga faɗuwa.

Alhaji Ɗanlami: Malam Habu, na Kadunan fa? Shi ƙujewarsa a fili take.

Malam Habu Bakanike: Ai ita ce ta kwantar min da hankali, Alhaji. Robar da ta shekara goma da tabonta ta fi min wadda ba ta da ko ƙwarzane. Babur na 2010 a ce ba ko ɗigon tabo? Kyan ɗan maciji ke nan.

Khalifa R6: Ni duk wannan ba shi ne ba. Me za ka yi da 250, Sadik? Wata uku za ka gaji da shi. Ƙara haƙuri ka tara, ka ɗauki mai babban inji, cc 600, gaba ɗaya.

Nura Zariya: Khalifa, kai da ka yi wata biyu da ƙarfe a gwiwa? Bar yaro ya koyi birki tukuna.

Khalifa R6: Akuya ce ta shigo min, ba babur ba ne.

Alhaji Ɗanlami: Ku bar wasa. Malam Habu, tunda kai ne mai sufana, faɗa wa yaron nan abin da kuke yi wa babura a ƙasar nan. Baƙin mai na awo a galan ba suna. Ruwan rijiya a lagireto har ya yi tsatsa ya toshe. Fitila ta mutu, a yanke waya a haɗa da leda. Ƙurar hunturu ta cika matatar iska, a cire ta a yar, a ce inji ya sha iska. Ga man 'yan bumburutu. Kun manta gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022, injina nawa ya kashe? CBR ɗin nan yana kan titi a lokacin, ya sha rabonsa. Kilomita 31,000 a hanyoyinmu ai ya fi dubu ɗari a can.

Malam Habu Bakanike: Wallahi duk abin da ka lissafa ana yi, har da abin da ba ka faɗa ba. Na taɓa buɗe wani inji na tarar an liƙe gasket da kwalin sabulu. Amma Alhaji, zaman banza ma ciwo ne ga inji. Yi lissafi: mil 6,200 a shekara goma sha biyar, mil ɗari huɗu da 'yan kai ke nan a shekara. Wato kusan rayuwarsa duka a tsaye ya yi ta. Ninja na Amurka daga 2008 zuwa 2012 kabureta yake da ita, guda biyu ma, kowace silinda da tata. Fetur ɗinsu akasari da itanol kashi goma a ciki, idan ya daɗe a kwance yana jan laima, ya zama kamar ƙaro. Ramukan cikin kaburetar nan kamar kafar allura suke. Na wanke irinsu ya fi a ƙirga: babur ya tashi da cok, kana sakin cok ya mutu. Ga tsatsa a cikin tanki, ga robobin shok ɗin gaba sun bushe suna yoyo, ga man birki ya koma kamar shayi. Duk ana gyarawa, amma kuɗin yana kan wancan dubu ɗari uku da hamsin ɗin.

Ibro Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Malam Habu, amma kabureta ai alheri ce a wajenmu. Ko a ƙauye ta tsaya maka, mai gyaran Jincheng zai buɗe ya hura. CBR injekta ne. Famfon mansa ya mutu tsakanin Kaduna da Birnin Gwari, wa zai taɓa maka?

Malam Habu Bakanike: Ibro, wannan magana ce. Sai dai mai gyaran Jincheng kabureta ɗaya ya sani. Biyu sai an daidaita su da juna, in ba haka ba silinda ɗaya na ja, ɗaya na barci. Shi CBR silinda ɗaya ne, fulogi ɗaya, bawul huɗu. Ninja bawul takwas, kuma littafinsa ya ce a duba su duk mil 7,500. Wannan na Sadik saura kaɗan ya kai, kuma ka tabbata ba wanda ya taɓa buɗe shi.

Nura Zariya: Ni dai don daɗin hawa Ninja nake so, ba zan ɓoye ba. Jan layinsa, wato iyakar juyawar inji a minti, a 13,000 yake, na CBR a 10,500. Idan ka hau titin Zariya zuwa Kano ka buɗe masa wuta, kukansa daban ne. Tankinsa ma lita 18 ne, na CBR 13. Amma a cikin gari, cunkoson Kasuwar Barci ko Kawo, CBR ya fi sauƙin sarrafawa, yana da ƙarfi tun daga ƙasa, kuma bai kai Ninja shan mai ba. Tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya koyi lissafin lita.

Alhaji Ɗanlami: To kun ji. Ɗan Japan na asali mai silinda biyu.

Nura Zariya: Alhaji, a yi min afuwa, Ninja 250R na waɗannan shekarun a Tailan aka haɗa shi. CBR ɗin ma Tailan ne ko Indiya. Sunan ne na Japan.

Alhaji Ɗanlami: Ko a Kurmi aka haɗa shi, hannun Bature ya fito, ba hannun ɗan Kaduna ba.

Sadik: Baba Habu, to in na je gobe me zan duba? Ni duka biyun kyau suke min.

Malam Habu Bakanike: Ka je da sassafe, kada ka faɗi lokacin zuwanka. Kafin kowa ya taɓa makulli, ɗora bayan hannunka a kan inji. In da ɗumi, an riga an tayar da shi don kada ka ga yadda yake tashi a sanyi. Ka ce za ka dawo.

Sannan ka durƙusa a gabansa, ka juya kan babur ɗin dama har ƙarshe, ka juya hagu har ƙarshe. A ƙasan wuya akwai 'yan ƙarafa biyu da ke tare kan don kada ya bugi tanki. Haska su da fitilar waya. In ɗaya ya lotsa, ko ya karye an yi masa walda, ko ka ga sabon fenti a wurin kaɗai, babur ɗin ya sha ƙasa da gudu, ba faɗuwar tsaye ba. Ana canza roba, ana canza madubi, amma wannan wurin mantawa ake da shi. Daga nan ka ja da baya taku biyar ka dubi tayar gaba da ta baya, su zauna a layi ɗaya. In an ba ka ka ɗana, a hanya mai kyau ka ɗan sassauta riƙo, ka ji ko yana janka gefe.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1810, mako na 18 na 2010 ke nan. Tayar da ta kai haka ta zama katako, ranar da aka yi yayyafi za ka sani.

Ibro Maraɗi: A ƙara da takardu. Lambar jikin firam, a wuyan babur, harafi da lamba 17 ne. Na goma shi ke faɗin shekara, na 2010 harafin A ne. Ta dace da abin da ke takardar kwastan harafi da harafi. Wani abokina ya sayi babur mai kyan gaske, takardar ta wani babur ce daban. Wata huɗu yana ajiye a hannun hukuma, rana da ruwa suna dukansa.

Alhaji Ɗanlami: Wannan kam ban musa ba. Amma na Kadunan ma a tambaye shi rasit da takardar mallaka, baburan sata sun fi yawa a cikin na gida.

Malam Habu Bakanike: Shi ai yana da gida da wurin aiki, Alhaji. Sadik zai iya zama da shi ya tambaye shi wane mai yake zubawa, wa ke masa gyara, yaushe ya canza sarƙa. Ya je wajen bakaniken nasa ma ya ji. Wanda ya hau Ninja yana wata jiha a Amurka, ba mu san ko yana tafiya da ƙafafunsa ba. Cinikin biri a sama ke nan.

Alhaji Ɗanlami: Mai sayarwa zai ce maka baburinsa na shan baƙin mai? Kai ma dai.

Sadik: Salam. Na je wajen Ninja ƙarfe bakwai da rabi. Inji da sanyi, ya tashi bugu biyu da cok, da na saki cok ya mutu, sai a karo na uku ya zauna. Tayar baya 0921, ta gaba 4409. Ƙarfen wuya na dama lafiya lau, na hagu ya ɗan kwanta kuma fentinsa ya fi na kewaye baƙi. Dillalin ya ce a kwantena ya bugu. Ga hoton na turo.

Alhaji Ɗanlami: Yana yiwuwa. Na ga abin da ya fi haka a kwantena. Ka ce ya rage dubu ɗari biyu.

Malam Habu Bakanike: Kwantena ba ta yin fenti, ranka ya daɗe. Sadik, kada ka ba da ko sisin kafin alƙalami. Kira ɗan bankin ka ce kada ya tayar da nasa ranar Asabar, zan rufe shago mu shiga motar farko.

Khalifa R6: In kun je Kaduna ku biya ta wajena, akwai wani 600 da aka kawo jiya.

Nura Zariya: Khalifa.